Rabin Tuwon da Ya Rage a Kwano

Akwai wata larura da kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, wadda a garuruwanmu ba a ware mata suna na kanta. Mai ita za a ajiye masa tuwo, ya cinye rabin da ke damansa tas, ya ɗago kai ya ce an rage masa abinci. Ɗaya rabin yana nan cikin kwanon, ko miyar ba a taɓa ba. Idan aka juya masa kwanon sai ya ci gaba da ci, kamar yanzu aka ƙaro. In mace ce, za ta sa kwalli a ido ɗaya ta ajiye madubi, ta gamsu ta gama. Ka ba shi takarda ka ce ya zana agogo, zai yi da'ira, sannan ya cusa lambobin a gefen dama, gefen hagu fayau. Ka tambaye shi ko ya kammala, ya ce ƙwarai kuwa.

Sau da yawa idonsa lafiya ƙalau yake, kuma nan ne abin yake da wuyar shiga kai. Makaho ya san shi makaho ne, shi ya sa yake riƙe sanda, yake neman ɗan jagora. Wanda hanyar ganinsa ta lalace ta gefe ɗaya ma yakan koyi juya kai don ya cike giɓin. Wannan kuwa ba ya juyawa, domin a wurinsa babu giɓin da za a cike. Ka yi tunanin abin da ke bayan ƙeyarka a yanzu da kake kallon wayarka. Ba duhu kake gani a wurin ba, kuma ba ka jin an tauye maka duniya. Kai dai ka san akwai baya, in an kira ka za ka waiwaya. Shi kuma gefen hagu ya zame masa haka, tare da sanin cewa akwai shi.

Likitocin Turai sun kira larurar da wata kalma mai ma'anar sakaci, ko yin watsi da abu. Sunan nan ya daɗe yana damuna, domin sakaci kalmar tuhuma ce. Sakaci shi muke ɗora wa direban da bai duba madubi ba, da uwar da ta bar yaro kusa da murhu. To shin akwai laifi a kan mutum game da abin da bai lura da shi ba? In babu a kan wannan majinyaci, me ya sa muke cewa akwai a kan direba, alhali shi ma rantsuwarsa ita ce bai gani ba?

Mu ɗauki misalin dattijo a Kanya Babba, manomin gero da riɗi, wanda hawan jini ya kayar da shi da asuba. Idan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu, hannun dama ne zai saki, kuma sau da yawa magana za ta sarƙe. Gida zai ɗauka da salati, a nemi mota a nufi asibitin Babura ko Kazaure. Idan kuwa ɓarin dama ne, hannun hagu ne zai mutu, harshe ya tsira. Masu dubiya za su shigo, ya amsa gaisuwa, ya miƙa hannun dama, su fita suna cewa jiki da sauƙi tunda yana magana. Mu da muke ci da dama, mu gaisa da dama, mu karɓi kuɗi da dama, asarar hagu ba ta girgiza mu kamar yadda ya kamata. Ba mu kaɗai ba ne. A 2005 an duba rajistar majinyata kimanin dubu 20 a asibitocin Jamus, aka tarar kashi 56 cikin 100 masu ciwon ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne, kashi 44 na dama, kuma masu binciken sun fassara tazarar da cewa ciwon ɓarin dama yana wucewa ba a gane shi ba. Larurar da muke magana a kai kuma a ɓarin daman ta fi zama. Wani bincike na Amurka a 2004, a kan majinyata sama da 1,200, ya same ta a kashi 43 cikin 100 na masu ciwon dama a kwanakin farko, da kashi 20 na masu ciwon hagu. Bayan wata uku ta rage a kashi 17 da kashi 5.

Yanzu a dawo da dattijon gida. Gadonsa yana jikin bango, ƙofar ɗaki tana damansa. Uwargida, wadda suka yi shekara arba'in tare, ta shimfiɗa tabarmarta a hagunsa don ta riƙa gyara masa hannun da ya mutu. Ta ce, Malam ga ruwa, ya yi shiru, ko ya amsa yana kallon ƙofa. Amarya ta leƙo ta ƙofar, nan take ya gan ta, ya yi mata murmushi. Ba sai na faɗa wa mai karatu abin da uwargida za ta kwana da shi a rai ba, da abin da 'ya'yanta za su fara faɗa a zaure. Surukar da ke girki za a ce tana yi wa tsoho rowar tuwo, shi da kansa ne ma zai kai ƙara. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce an yi masa asiri don a raba shi da matarsa. Ranar da ƙafa ta yi ƙarfi ya fita bakin titin da ya ratsa garin zuwa Babura, sai haɗarin ya sake kama: tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka mai tsallaka titi, motar da za ta fara iso masa daga hagunsa take tahowa.

In malami ne mai karatu, akwai wani abu ƙari. A boko farkon layi ne ke hagu, don haka zai riƙa fara karatu daga tsakiyar jimla. A ajami da rubutun allo ƙarshen layi ne ke hagu, sai ya riƙa sauka layi na gaba bai ƙarasa na sama ba.

Binciken da ya fara nuna zurfin lamarin ko na'ura ba a yi amfani da ita ba. A 1978, a birnin Milan na Italiya, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti sun ce wa majinyata biyu su kawo babban dandalin birnin a ransu, dandalin da suka sani tun kafin ciwo, kamar suna tsaye suna fuskantar babbar majami'ar da ke wurin, su lissafa gine-ginen da ke kewaye. Sai suka lissafa na dama, suka tsallake na hagu. Aka ce to yanzu ku ɗauka kuna tsaye a ƙofar majami'ar kuna kallon inda kuka tsaya ɗazu. Sai ga gine-ginen da suka tsallake sun fito a bakinsu, waɗanda suka ambata ɗazu kuma sun ɓace. Dandalin duka yana cikin kansu, ba abin da ya goge. Kamar ka ce wa mutumin Kazaure ya shiga kasuwa a zuciyarsa ta ƙofar gabas ya faɗa maka rumfuna, ya ba ka rabi, ka shigar da shi ta yamma ya ba ka ɗaya rabin, kuma duk sau biyun ya rantse kasuwar ke nan gaba ɗaya.

Bayan shekara goma, a 1988, John Marshall da Peter Halligan a Ingila suka nuna wa wata majinyaciya zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta na ci a gefensa na hagu. Ta ce babu bambanci. Da aka matsa mata ta zaɓi wanda za ta zauna a ciki, ta ɗauki tambayar a matsayin shirme, amma mafi yawan lokuta gidan da ba ya ci da wuta take nunawa. An sake gwajin a kan wasu majinyata daga baya, sakamakon bai zo iri ɗaya ba, har akwai waɗanda suka riƙa zaɓen mai wutar. Duk da haka tambayar ta zauna: wane ne a cikinta ya ga wutar?

A nan ne hoton ƙwaƙwalwa ya shigo. Da farko abin da ake nema shi ne wurin da ya lalace. A 1986 Giuseppe Vallar da Daniela Perani suka jera hotunan CT na majinyata, suka nuna yankin da ke sama da kunnen dama, ɗan baya kaɗan. A 2001 Hans-Otto Karnath da abokan aikinsa a Jamus suka ce a'a, wurin ya fi ƙasa, daidai saitin kunne. A 2003 ƙungiyar Masud Husain a Landan, da hotunan MRI masu kyau, ta mayar da shi sama. An yi ta ja-in-ja a mujallun kimiyya, kuma ni a matsayina na mai kallo daga waje, musun ya yi mini kama da na masu gyaran wuta da ke gardamar wane gida ne ya jawo duhu a unguwa, alhali waya ce ta tsinke a tsakani.

Wayar kuwa an same ta. A 2005, a Faris, ana yi wa majinyata biyu tiyatar cire ƙari a ƙwaƙwalwa suna farke, domin likita ya san inda zai yanka da inda zai bari. Aka riƙa ba su layi a takarda su nuna tsakiyarsa, likita Hugues Duffau yana taɓa wurare daban-daban da 'yar wutar lantarki mai tsayar da aikin wurin na daƙiƙoƙi. Da aka taɓa wani dami na zaruruwan da suka haɗa bayan ƙwaƙwalwa da goshi a ɓarin dama, sai alamar majinyaci ta zarce can dama, kamar hagun layin ya gutsure. Aka ɗage wutar, ta dawo tsakiya. A shekarar dai, Maurizio Corbetta da abokansa a Amurka suka nuna da MRI mai bin aikin ƙwaƙwalwa cewa wuraren da ciwon bai taɓa ba ma aikinsu ya karkace: na dama sun yi sanyi, na hagu sun yi zafi fiye da kima, suna fizgar hankali zuwa dama. Da majinyatan suka fara samun sauƙi, sai ma'aunin ya fara daidaita. Wannan ya dace da wani tsohon bayani na likitoci, cewa ɓarin dama yana lura da gefe biyu na duniya, ɓarin hagu kuwa gefen dama kawai ya fi kula da shi. Shi ya sa in hagu ya faɗi dama yakan rufa masa asiri, in dama ya faɗi babu mai tsaya wa gefen hagu.

Sakamakon da ya fi taɓa tambayarmu shi ne na Geraint Rees da abokansa a Landan a 2000. Sun sa majinyaci a cikin na'ura suna haska masa hotuna. A lokutan da ya ce bai ga komai a hagu ba, sashen gani da ke ƙeyarsa ta dama ya motsa. Bayan shekara biyu Patrik Vuilleumier ya nuna cewa fuska mai firgici da aka haska a gefen da majinyaci bai lura da shi ba tana tayar da ɗan curin ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro. Wasiƙa ta iso zaure, har wani yaro ya ji warin hayaƙi a jikinta, amma ba wanda ya shigar da ita wurin maigida.

Ni sana'ata rubuta manhaja ce, kuma a wurinmu kuskure iri biyu ne. Akwai mai ihu: manhaja ta tsaya, ta fito da jan rubutu, kowa ya san an sami matsala. Wannan ba ya hana mu barci. Wanda ake tsoro shi ne mai shiru. A ce manhaja tana tattara rahoto daga ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, sai hanyar 11 daga ciki ta yanke. In ba a gina ta da sanin cewa 27 take jira ba, za ta haɗa 16 da suka iso, ta fito da jimla da koren rubutu, ta ce an kammala. Ba ƙarya ta yi ba. A rumbun bayanai akwai bambanci tsakanin layin da aka rubuta sifili a ciki da layin da babu shi ɗungum. Na farko yana cewa na duba ban samu ba, na biyu ba ya cewa komai. Abin da ya fi muni shi ne idan manhajar da ke sa ido kan lafiyar tsarin tana zaune a kan kwamfutar da ta mutu. Mai gadi da kayan da yake gadi sun tafi tare. Saboda haka duk mai hankali a wannan aiki yana ajiye mai sa ido a wata na'ura dabam, kuma yana koya mata ta ɗauki shiru a matsayin ƙararrawa.

Ƙwaƙwalwa ba kwamfuta ba ce, kuma manhaja ba ta da uwargida da za ta kwana da baƙin ciki. Amma kamar ta mutuwar mai gadi tana nan. Tun 1914 likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana majinyatan da ɓarin jikinsu ya shanye amma suke musun haka, ya raɗa wa abin suna daga Girkanci, ma'ana rashin sanin ciwo. Wannan musu yakan zo tare da ɓacewar hagu, kuma daga ɓarin dama ɗin dai. Malamanmu suna da kalmar da ta yi kusa: jahili murakkabi, wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Sai dai su zargi suke nufi da ita, a nan kuwa jini ne ya toshe jijiya.

A kan dattijon hukuncina ba shi da wahala. Laifi yana bin iko. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba ganganci da kuskure da mantuwa, kuma kowa ya san ba a tuhumar mai barci kan abin da ya wuce shi yana barci. Idan uwargida ta ji labarin gidan da ke ci da wuta, tana iya cewa: ai ga shi nan, a can ƙasan zuciyarsa ya san ina wurin. Amsata ita ce, sanin da mutum ba zai iya kai hannu gare shi ba, ba zai iya yin niyya da shi ba. Wasiƙar da ke zaure ba a cewa maigida ya ƙi amsa ta.

Wahalar tana kan mu masu lafiya, domin bincike bai bar mu a gefe ba. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris a jami'ar Harvard sun sa mutane ƙirga yawan jifan ƙwallo a wani bidiyo. Ana cikin haka wata mai shigar goggon biri ta ratsa tsakiyar 'yan wasan, ta daki ƙirji, ta wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. A 2013 aka kai gwajin wurin ƙwararru: an saka hoton goggon biri a cikin hoton CT na huhu, girmansa ya ninka ƙullutun da ake nema sau 48, aka ba likitocin karanta hoto 24. Ashirin ba su gan shi ba, kuma na'urar bin ƙwayar ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin kai tsaye. Wato mutanen da muke dogara da su su karanta mana hoton ƙwaƙwalwar dattijo, su ma hankalinsu tocila ce, inda ta haska nan suke gani.

To idan haka ne, "ban lura ba" ta zama cikakken uzuri ga kowa ke nan? Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin kwanon tuwon. Majinyaci shi ne ke asara. Shi ke kwana da yunwa, shi ke buge kafaɗa a ƙofa, shi mota ke nema. Bai zaɓi gefen da zai ɓace masa ba. Namu gefen kuwa, ka duba inda yake faɗawa. Maigidan da bai lura yaron shagonsa ya yi wata uku ba a sallame shi ba, bai taɓa kasa lura da wanda ya ci bashinsa ba. Yayan da shekara goma bai lura ba a fitar wa ƙannensa mata rabonsu na gonar gado ba, yana lura da iyakar gonar in maƙwabci ya matso da taki ɗaya. Mai mata biyu da bai lura ɗaki ɗaya yana yoyo ba, ka tambaya wane ɗaki ne. Ina yarda da su in sun rantse cewa a wannan lokacin abin bai zo musu a rai ba. A daidai wannan daƙiƙar ba ƙarya suke yi ba. Amma hankali abu ne da ake horarwa kamar sa na noma, inda ka saba juya shi nan yake juyawa. Idan rashin lurar mutum kullum riba take kawo masa, to akwai hannunsa a wurin da aka ajiye ta, ko da ya manta ranar da ya ajiye.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan an faɗa maka. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amura gaskiya ne. Wannan larura ta nuna inda karin maganar take karyewa: mutum yana gani da idonsa cewa kwano ya ƙare, wani yana gaya masa da saura, kuma mai faɗar ne ke da gaskiya. Tsarin sallar jam'i ya san da wannan. Limamin da ya yi rafkanuwa bai san ya yi ba, in da ya sani ai da bai yi ba. Shi ya sa aka ɗora wa mamu su yi masa tasbihi, aka kuma tanadi sujadar gyara. An ajiye mai sa ido a wajen kan liman. Ba a zargin liman don ya manta raka'a. Wanda za a yi magana a kansa shi ne limamin da sahu guda ke masa tasbihi, shi ma ba shi da tabbas, amma girman kai ya hana shi komawa.

Ga majinyaci, ko ƙin karɓar shaidar ma wani yanki ne na ciwon, don haka nauyin yana komawa kan na kusa da shi. William Douglas, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, ya sami shanyewar ɓarin hagu a ƙarshen 1974. Ya riƙa musun nakasarsa, ya nace sai ya koma aiki. Abokan aikinsa suka amince a tsakaninsu a jinkirta duk shari'ar da ƙuri'arsa ce za ta raba gardama, har ya yi murabus a Nuwamban 1975 bayan shekara 36 a kujerar. Ɗaya daga cikinsu, Byron White, ya ƙi amincewa da wannan mataki, yana ganin ba su da hurumin tsige abokin aiki ta bayan gida. Ina ganin akwai gaskiya a ɓangarorin biyu, kuma irin wannan gardama ce za ta tashi a gidan dattijonmu. Makullin babur dole a karɓe, ko zai yi fushi, ko zai ce ɗansa ya raina shi. Amma gonar fa? Cinikin shanun fa? Mutumin da ba ya ganin rabin kwano yana iya zama da cikakken hankalin sanin wanda yake bi bashi da wanda yake so ya aura wa 'yarsa.

Nan ne nake jin tsoron hujjar da na kawo da kaina. "Akwai abin da ba ka gani, kuma ba za ka iya sanin ba ka gani ba" magana ce da ba a iya kare kai daga gare ta. Duk musun da ka yi sai a ce ai alamar ciwon ke nan. Ɗan da ke kwaɗayin gona zai iya amfani da ita a kan ubansa, miji a kan matarsa, shugaban ƙungiya a kan mabiyansa. Abin da ya tsare likitoci daga wannan shi ne da'awarsu tana zuwa da gwaji. Takarda da biro sun isa: a ja layi a ce ya raba shi biyu, a watsa gajerun layuka a shafi a ce ya soke su duka, a juya kwano a gabansa. Kowa a ɗakin zai ga sakamakon, kuma gwajin yana nuna iyakar larurar, ba ya ba kowa lasisin ƙwace sauran rayuwar mutum. Duk wanda ya ce maka kana da gefen da ba ka gani, kana da haƙƙin ce masa ya juya kwanon. Idan ya nuna maka yoyon ɗakin, ko takardar gadon, nauyi ya dawo kanka. In kuwa abin da yake da shi kawai shi ne "ka yarda da ni", to ka riƙe makullinka.

Yawancin binciken da na ambata a Milan da Landan da Faris da Amurka aka yi shi. A wajenmu babban aikin da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa shi ne SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Rahotonsu na 2018 ya kwatanta majinyata 2,118 da takwarorinsu masu lafiya, ya nuna hawan jini ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin. Aiki ne mai daraja. Amma kowane bincike na asibiti waɗanda suka iso asibiti yake gani, kuma mun riga mun ga wane irin majinyaci ne ake cewa jikinsa da sauƙi a bar shi a gida. Dattijon da bai taɓa kwanciya a cikin na'urar CT ba, a rumbun bayanai shi layin da babu ne.

Akwai jarabar a ce hukumomi ma wannan ciwon ne da su, birni ne damansu, karkara hagunsu. Maganar tana da daɗi a baki, amma ba zan faɗe ta ba, domin kyauta ce ga wanda bai cancanta ba. Mai ciwon ba shi da taswirar da ke nuna masa akwai hagu. Wanda ke zaune a ofis yana da jerin ƙananan hukumomi da mazaɓu, kuma lokacin zaɓe yana gane hanyar Gwiwa da Roni ba tare da ɗan jagora ba.

Magani fa? Akwai abubuwan ban mamaki. A 1998 a Liyon, Yves Rossetti ya sa wa majinyata tabarau mai karkatar da gani digiri 10 zuwa dama, suka yi 'yan mintuna suna nuna abu da yatsa. Da aka cire, hagu ta ɗan dawo musu na wasu awanni. Gwaje-gwajen da suka biyo baya wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Zuba ruwan sanyi a kunnen hagu ma yana ɗage larurar na mintuna, amma wannan aikin likita ne, kada wani ya karanta nan ya nufi randa. Abin da ke hannun iyali ya fi wannan sauƙi da wahala: jan zare a gefen hagu na shafi don ido ya nemi farkon layi, rediyo a hagu, tunatarwa ba gajiyawa.

Sai tambayar da masu gashin ƙashi da iyalai suke fama da ita, wadda a ƙarshe kan uwargida take faɗawa: a wane gefe za ta zauna? In ta ɗauke tabarmarta ta koma dama, yau ɗin nan mijinta zai dawo mata, ya ga fuskarta, ya sha ruwan da ta miƙa. Amma duk abin da aka tara masa a dama yana ƙara ja masa wuya zuwa can. In ta tsaya a hagu, ita ce maganin, sai dai za ta yi ta magana da mutumin da ke amsa wa bango, a watannin farko da aka fi samun sauƙi a cikinsu, kuma babu mai yi mata alkawarin yana cikin waɗanda za su warke. Ba na jin akwai wanda yake da ikon ɗora mata na biyun a matsayin wajibi. In da za ta tambaye ni, zan ce Inna a raba: ruwa da magani da hirar dare a dama, inda zai same su ba wahala. Da hantsi kuma, lokacin da yake da ƙarfi, ta zagaya hagu, ta dafa kafaɗarsa ta dama, ta ce Malam, ta jawo hannunta a hankali ta gaban ƙirjinsa, idonsa yana bin hannun har ya iso fuskarta.